Baba Kadiri, Mai Tona Ciwon Maza

Duk wanda ya saba bin hanyar Zogbeli zuwa Aboabo a garin Tamale da sassafe ya san Baba Kadiri, ko da bai taɓa jin sunansa ba. Shi ne dogon dattijon nan mai tsohon baƙin keke, wanda yake tuƙi a ɗan karkace, kafaɗar hagu ta fi ta dama sauka. Ba yanga ba ce, buhu ne ya mayar da shi haka. Da an idar da sallar asuba zai tsaya wurin Azeta mai koko, ya sha a tsaye, ya ƙulle ƙosai a leda ya jefa aljihu, ya hau kekensa ya nufi wani fili mai katanga a bayan kasuwa, inda manyan motoci ke sauke masara da waken suya da gyaɗa da ƙwarar kaɗanya daga ƙauyukan Gushegu da Karaga. A filin nan ya yi ƙuruciyarsa yana dako, a nan kuma ya yi furfura yana shugaban 'yan dako.

Idan ya isa ba ya zarcewa wurin motoci. Benci yake ja ya zauna a bakin ƙofa yana kallon mutanensa suna shigowa ɗaya bayan ɗaya. Da baki yake amsa gaisuwa, amma idonsa na kan ƙafafu da ƙugu. Wa yake jan ƙafa yau, wa ya dafe mara da ya zo tsallake kwata, wa ya sunkuya gyara takalmi ya daɗe bai miƙe ba. Idan ya gama wannan sai ya tsallaka rumfar mata ya gaishe da shugabarsu, Magajiya Zuweira, su yi 'yar magana ƙasa-ƙasa, sannan ya dawo ya raba aiki. Tsallakawar nan ce ta jawo masa sunan da aka daɗe ana kiransa da shi a bayan idonsa, wani lokaci ma a gabansa: Mma Kadiri, wato Inna Kadiri.

A ƙarshen watan jiya ya ajiye aiki. Bayansa ya ƙi, gwiwoyi ma suka bi sahu. Ba a kafa rumfa ba, ba a kira makaɗi ba, ba wanda ya miƙe ya yi jawabi. Matan rumfa ne suka dafa shinkafa da wake, suka haɗa masa da yadi, suka aika gida. Cikin mazan da ya shugabanta kuwa, waɗanda suka je yi masa sallama ba su cika benci ɗaya ba. Abin ya ƙona mana rai, mu da muka san abin da mutumin nan ya yi, shi ya sa aka zauna aka rubuta wannan.

Sai mutum ya san filin kafin ya gane Kadiri. Gida biyu ne cikin katanga ɗaya. Gabas maza ne, masu sauke buhu daga mota su haura da shi kan katako zuwa cikin sito. Yamma rumfar mata ce, masu sheƙa da bakace da tsince tsakuwa da ɗinke bakin buhu. Tsakaninsu bai kai jifa ba, amma halinsu ya yi hannun riga. A rumfa, kafin mace ta ajiye faifanta kowa ya san yadda ta kwana: haƙori ne, baya ne, ko maigida ne ya tashi da faɗa. Wadda jikinta ya ƙi sai a ce ta kishingiɗa a kan buhunan wofi, 'yan'uwa su raba kasonta. Kada a ɗauka waliyyai ne. Idan suka juya wa mace baya, sai ta gaji da yin sannu ba wadda ta amsa, kuma bakinsu na iya fere mutum da ransa. Amma ciwo dai ba a ɓoye shi a rumfar nan, ba a kuma yi wa mai shi dariya.

A wajen maza kuwa ciwo abin kunya ne. Can kullum gasa ake yi: wa zai haura katako a guje da buhun masara, wa zai ɗora biyu, wa zai sauke mota bai sha ruwa ba. Suna da wata al'ada da ba wanda ya san mafarinta. Duk wanda ya ya da buhu, ko ya ce a kama masa, ko ya zauna kafin mota ta ƙare, sai a taru a kansa a ɗaura masa buhun wofi a ƙugu kamar zani, a raka shi da tafi har bakin rumfar mata, a ce wa Magajiya ga sabuwar 'yarki an kawo miki. Haka zai wuni da buhun a jikinsa. Wasa suke kiran abin. Amma an san magidantan da suka tattara suka koma Kumasi saboda wasan nan, ba su sake taka Aboabo ba. Don haka kowa ya koyi cije leɓe. Mai ciwon baya ya haɗiyi ƙwaya, mai ciwon mara ya ɗaure da tsumma, a hau katako ana ihu ana kirari.

A zamaninsa Kadiri na cikin zakarun filin, kuma ya sha ɗaura wa mutane buhu da hannunsa yana ƙyaƙyata dariya. Mutum ɗaya ne ya fi shi ƙarfi, amininsa Rauf, gajere mai faɗin ƙirji, wanda idan ya saɓa buhu sai ka rantse auduga ce a ciki. Tare suka tashi a Zogbeli, a kwano ɗaya suke cin tuwo. Matar Rauf, Abibata, tana cikin masu bakace a rumfa, da ɗansu Majeed goye a bayanta.

Wata rana da yamma suna wanka a bayan sito, Kadiri ya ga kumburi a matsematsin Rauf, ya kai dunƙulen hannu. Ƙaba ce, ciwon nan da hanji ke saukowa inda bai kamata ba, wanda ya fi bin masu ɗaukar nauyi.

"Rauf, mene ne wannan?"

"Ba komai. In na kwanta yana komawa."

"Tashi mu je asibiti."

"In je a yanka ni, in dawo a ɗaura min buhu? Cale, abokina, bar wannan magana gaba ɗaya kuraa." Sai ya damƙi hannunsa. "Rantse ba ka faɗa wa kowa. Ko Abibata. In ka faɗa, walahi ni da kai mun gama."

Kadiri ya rantse. A ganinsa na lokacin, abin da namiji ke yi wa amininsa ke nan.

Ya riƙe rantsuwar damina ta wuce, kaka ta shigo, motoci suka yi layi har waje. Wata rana da azahar Rauf ya kai tsakiyar katako da buhu a kafaɗa, sai ya durƙushe. Abin da ba ya barin Kadiri har yau shi ne, dariya aka fara yi. Filin ya ɗauki ihu, zakara ya faɗi yau, har wani ya ruga ya ɗauko buhun wofi. Sai da suka ga yana amai, ya naɗe wuri ɗaya bai ko iya ɗaga kai ba, sannan dariyar ta mutu. A asibiti aka ce hanjin ya daɗe da maƙalewa, mutumin nan kwana da kwanaki yana aiki cikin azabar da ba ta faɗuwa. Washegari aka yi jana'izarsa.

Bayan an share makoki Kadiri ya dawo aiki. Magajiya Zuweira, wadda a lokacin ba ta daɗe da karɓar shugabancin rumfa ba, ta tare shi a bakin ƙofa.

"Kadiri, ka sani?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ka sani. Matarsa yana nan kusa da ni kullum. Daga motarku zuwa rumfarmu ko tari ka yi muna ji. Ka kasa tsallakowa ka faɗi kalma ɗaya?"

"Na rantse masa, Magajiya."

"To ga rantsuwarka can an rufe da ƙasa. Ku maza kuna riƙe wa juna sirri har kabari, ku ce amana. Je ka gaya wa yaron nan da yake bayan uwarsa ka riƙe amana."

Magajiya ta ce daga baya ta ji ta yi masa tsauri da yawa, amma ba ta janye ko kalma ba. Shi kuwa Kadiri ya juya. Ya je jikin katanga ya zauna, ya kifa kai a gwiwa, ya yi kuka mai sauti. Tun da aka kafa filin ba a taɓa ganin namiji ya yi haka ba. Mazan suka tsaya cirko-cirko, kowa na kallon ƙasa, kuma a ranar ba wanda ya je neman buhun wofi.

Shekaru kaɗan bayan haka tsohon shugaba ya gaza, aka ɗora Kadiri, domin a filin nan mafi ƙarfi ake bai wa shugabanci. Sun zaci za su samu sarkin gasa. Ranar farko ya tara su ya soke ɗaura buhu, ya ce babban buhu mutum biyu za su ɗaga shi su aza wa na uku. Sannan ya faɗi maganar da ta raba shi da su.

"Daga yau, duk wanda na ga ciwo a jikinsa, zan gaya masa tsakanina da shi. In ya ji, shi ke nan. In ya ƙi, zan gaya wa matarsa, in gaya wa uwarsa, in gaya wa Magajiya. Kada wanda ya kawo min sirrin ciwo, ba na riƙewa."

Aka yi dariya, aka ce baƙin cikin Rauf ne bai sake shi ba, zai dawo hayyacinsa. Bai dawo ba. Wani ɗan dako, Zakaria, shi ne ya fara gane da gaske yake. Zakaria yana tari yana ɓuya a bayan mota yana tofar da jini. Kadiri ya yi masa magana ya musanta, sai Kadiri ya tsallaka rumfa ya gaya wa yayar Zakaria. A ranar Zakaria ya zagi Kadiri tas, ya haɗa da iyayensa, ya ce gulmammen banza wanda ya fi dacewa da faifai. Kadiri ya bari ya gama, ya ɗora shi a bayan keke ya kai shi asibiti. Yau Zakaria na nan a Dungu yana noman rani, jikokinsa na hawa wuyansa. Bayansa akwai Suhuyini, wanda ƙafarsa ta fara mutuwa saboda ciwon baya, yana ɓoyewa da tafiyar ƙasaita. Akwai wasu da yawa da ba za a ambata ba, domin har yau idan aka tuna musu sai su haɗe rai.

Masu jinya a asibiti sun saba da shi. A dogon bencin da mata ke zama da kwanonin abinci suna jiran a bar su su shiga, sau da yawa shi kaɗai ne namiji, da kwanon miya a cinyarsa wanda matar wani ta ba shi ya riƙe. Bai taɓa nuna abin ya dame shi ba.

Amma an biya shi da abin da maza suka iya biya. Aka daina kiransa cin tuwo. Idan ya nufo inuwar da ake hira, sai hirar ta tsaya cak, wani ya ce a yi shiru ga rediyon rumfa nan. Azeta mai koko ta ce ita ta san dalilin da ya sa ya fara ƙulle ƙosai a aljihu: da rana ba shi da abokin ci, sai ya zauna a kan bencinsa ya ci shi kaɗai, ya kora da ruwa. Mutumin da a da idan ya yi dariya ana ji daga bakin kasuwa, ya koma mai magana kaɗan. Mata sun karɓe shi, gaskiya ne, amma ko a rumfa baƙo ne, yana gama abin da ya kawo shi yake tashi. Haka ya rayu a tsakani, shekara da shekaru.

Baba Kadiri, kai ne namijin da ya yarda a kira shi mace don kada a sake kiran wata mace gwauruwa. Kai ne ka sayar da kirarinka ka sayi numfashin waɗanda ba sa ma gaishe ka. Dogo mai ido a ƙugun jama'a. Mun ga abin da ka rasa, ko da kai ba ka taɓa lissafa mana ba.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan abin da ya faru da Majeed. Tun rasuwar Rauf, Kadiri ya ɗauki yaron kamar ɗan cikinsa. Shi ya riƙa kai shi makaranta a kan keke, shi ya tsaya masa a matsayin uba ranar da aka ɗaura aurensa da Mubarika, wadda ita ma ta shiga rumfa kusa da surukarta. Majeed ya girma ya ɗauko ƙirjin ubansa sak. Kadiri ya so ya koyi walda ko tuƙi, ya ƙi, ya ce dako zai yi. Ranar da ya fara haura katako tsofaffin filin suka ce Rauf ya dawo, shi kuwa kansa ya fasu. Samarin wannan zamani sun farfaɗo da gasa a bayan idon shugaba, sai dai yanzu ba a buƙatar tafi da rakiya. Waya ake ɗagawa a ɗauki hoto mai motsi, kafin magariba duk gari ya gani.

Majeed ya zama magidanci mai 'ya'ya mata biyu lokacin da Kadiri ya lura yana ɗan buɗe ƙafa idan zai sunkuya. Ya san wannan tafiyar. Ya ja shi bayan sito.

"Ɗana, tun yaushe?"

"Baba, ba komai ba ne. In na kwanta yana komawa."

Kadiri ya tuna Rauf. Ya dafa bango.

"Gobe mu je asibiti, ni da kai, ba wanda zai sani."

"Bari kaka ya wuce, Baba. Don Allah kada ka yi min abin da kake yi wa mutane. Ni ɗan Rauf ne, kowa yana kallona."

"Don kai ɗan Rauf ne nake faɗa maka."

Majeed bai ji ba. Kadiri ya cire shi daga hawa katako ya ba shi tsaron ƙofar sito, da ya juya baya sai ya tarar da shi a kan mota. Ya gaya wa Abibata da Mubarika. Suka roƙe shi a gida da kuka, ya rantse musu lafiyarsa ƙalau, tsufa ne ya sa Baba ganin abin da babu. Kadiri ya daina cin abinci sosai. Ya san hanya ɗaya ce ta rage, kuma ya san abin da za ta ci masa.

Ranar ta zo da hantsi, wata babbar motar masara ta shigo. Kadiri ya hango Majeed da buhu a kafaɗa ya nufi katako, fuskarsa ta yi toka-toka, gumi na zuba, haƙoransa a cije. Dattijon ya miƙe a kan bencinsa ya ɗaga muryar da aka daɗe ba a ji ba.

"Majeed! Ajiye buhun nan! Ƙaba gare ka, irin wadda ta kashe ubanka a kan katakon nan. Magajiya! Abibata! Ku fito!"

Matan rumfa suka zubar da faifai suka fito gaba ɗaya, Magajiya a gaba tana ɗingishi. Ba su yi gardama da kowa ba. Suka je suka zauna a kan katakon, daga ƙasa har sama, yadda ko akuya ba za ta samu wurin wucewa ba. Abibata ta tsaya a gaban ɗanta ta ɗora hannu a kan buhun da ke kafaɗarsa. Majeed ya duba dama da hagu, ya ga wayoyi a sama. Ya sauke buhun. A daidai lokacin wani daga cikin taron, wanda har yau bai yi ƙarfin halin cewa shi ne ba, ya wurgo buhun wofi ya faɗi a gaban ƙafafunsa. Wasu suka tuntsire da dariya.

Majeed bai kalli mai jifan ba. Kadiri ya kalla.

"Ka tsiraita ni, Baba. A gaban mata, a gaban uwana, a gaban yaran da suke ce min massa, maigida. Daga yau ba ni da uba a filin nan."

"Na ji, ɗana. Shiga mota."

A tsakiyar mata aka ɗora shi a bayan motar kaya mai ƙafa uku aka nufi asibiti, Kadiri na biye a kan keke. Likita ya duba ya ce hanjin ya fara maƙalewa, ba za a jira gobe ba. Aka yi masa aiki a ranar, Allah ya sa aka dace. Kadiri ya zauna a bencin nan da ya saba har aka fito aka ce ya farfaɗo. Ya miƙe zai shiga, Mubarika ta tare shi a ƙofa, idonta cike da hawaye, ta ce, "Baba, yi haƙuri. Ya ce kada ka shigo." Ya ce ba komai, ya miƙa mata ledar lemo da ya sayo, ya juya.

Bayan kwanaki Abibata ta je gidansa a Zogbeli. Ta durƙusa a tsakar gida ta yi masa godiya mai tsawo. Da ta miƙe za ta tafi, ta tsaya a bakin zaure ba ta juyo ba, ta kira shi da Mba, wato Baba, ta ce, "Mba Kadiri, da ka yi wa uban haka." Ba da mugunta ta faɗa ba, abin da ke zuciyarta ne ya fito. Matar Kadiri ta ce ranar bai fita masallaci ba sai da aka zo aka kira shi.

Hoton ya zaga Tamale kamar yadda aka zata, har da waƙa aka ɗora masa. Majeed bai sake taka filin ba. Da ya warke ya koma tuƙa yelo-yelo, keken hayan nan mai ƙafa uku da ya cika titunan gari. Shekaru sun wuce yanzu, bai sake ce wa Kadiri ko sannu ba. Idan suka haɗu a jana'iza sai ya koma wancan gefen sahu. Da Mubarika ta haifi namiji aka sa masa suna Rauf, ba a aika wa Kadiri goro ba. Shi ya sayi nasa goron ya je har ƙofar gida, ya yi sallama, ya tsaya yana jin hayaniyar baƙi a ciki, ba wanda ya fito. Ya ajiye ƙullin a kan dakali ya koma.

Akwai masu cewa da ya bi a hankali, da ya ƙara lallashi. Masu faɗin haka ba su ga fuskar Majeed a ranar ba, kuma yawancinsu suna cikin waɗanda suka ɗaga waya. Wanda ya tsirar da mutum shi ake ƙi, wanda ya wurga buhu kuwa har yau ana cin tuwo da shi a kwano ɗaya. Wannan shi ne mazantakar da muke tinƙaho da ita, kuma abin kunyar namu ne mu duka.

Yanzu da ya ajiye aiki, da safe Baba Kadiri a kan dakalin ƙofar gidansa yake zama, da matashi a bayansa. Ta nan Majeed ke wucewa kullum idan zai kai 'ya'yansa makaranta. Akwai wata hanya da ta fi kusa, ta bayan masallaci, amma ta nan yake bi. Ba ya tsayawa, ba ya waiwaye, idonsa na kan titi. 'Yan matan ne ke leƙowa daga baya suna ɗaga wa tsohon hannu, ba su san ko wane ne ba.

Wata safiya Magajiya Zuweira ta zo duba shi, keken ya wuce a gabansu. Ranta ya ɓaci.

"Dubi ɗan nan, ko kai ba ya ɗagawa. Bari in tare shi gobe, zai ji bakina sosai paa."

"Ƙyale shi, Magajiya."

"Ba ya yi maka zafi?"

"Yana yi. Kullum yana yi." Ya bi keken da kallo har ya sha kwana. "Amma ranar da aka shiga da shi ɗakin yanka, ban roƙi Allah gaisuwa ba. Cewa na yi ya bar min shi a bayan ƙasa. Abin da na roƙa shi aka ba ni."

Mun gode, Baba Kadiri. Mun gode a madadin matan da ba su yi takaba ba, da yaran da suka tashi suka san fuskar ubansu, da mazan da girman kai ya hana su zuwa su faɗa da bakinsu. Allah ya sauƙaƙa maka bayan nan da ya ɗauki nauyin da ya fi buhu, ya sa ka gama lafiya.

Ku kuma maza, na tasha da na gareji da na wurin gini da na ofis, kowannenku ya san wani abokinsa da ke cije leɓe yana cewa ba komai. Kada ku rantse masa. Ku faɗa, ku ja shi, ku bari ya zage ku. Kuma idan wani ya sauke kaya ya ce ya gaji, ku mayar da wayoyinku aljihu ku kama masa.

Kai kuma Majeed, idan wannan ya iso gare ka, ba wanda ya ce ka sauka ka durƙusa. Tsohon nan ba zai daɗe a kan dakalin ba, kai ma ka sani. Gobe idan ka zo wucewa, ka ɗan rage gudu, ka gaya wa 'ya'yanka sunan wanda suke ɗaga wa hannu.